Tsofaffin Jirage Masu Farfela da Dakon Kaya ta Sama a Maiduguri: Waiwayen Tarihi, 1925–2025

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya dubi taswirar Nijeriya zai ɗauka cewa babu garin da ya dace da sana'ar dakon kaya ta jirgin sama kamar Maiduguri. Garin yana can ƙuryar arewa maso gabas, tsakaninsa da tashar jiragen ruwa ta Legas akwai tafiyar kimanin kilomita 1,600 a mota. Jihar Barno, wadda shi ne babban birninta, tana iyaka da ƙasashe uku, wato Nijar da Chadi da Kamaru, biyu daga cikinsu kuwa ba su da gaɓar teku. Idan aka bi ta sama, Njamena da Marwa da Difa duk tazarar kimanin kilomita 200 ce daga Maiduguri, Yola kimanin 300, Kano kimanin 500, Abuja kuwa kimanin 700. Irin wannan tazara ce aka ƙera jirage masu farfela dominta. Daɗin daɗawa, jirgin sama ya san garin tun shekarar 1925.

Duk da haka, idan aka bi diddigin tarihi za a ga cewa lokutan da kaya suka riƙa ratsa Maiduguri ta sama da yawa, lokuta ne da wata gwamnati, ko rundunar soja, ko ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyin biyan kuɗin. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin hakan. Za a fara da bayanin jirgin da kuma lissafin sana'ar, sannan a bi tarihin daki-daki, daga ƙarshe a dubi irin kayan da Barno ke fitarwa, domin a can amsar take.

2.0 Jirgi Mai Farfela da Lissafin Sana'ar

Jirage masu farfela iri biyu ne. Akwai masu injin fistin irin na mota, waɗanda ke shan fetur na musamman. Su ne suka yi tashe daga farkon ƙarni na 20 har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai kuma masu inji irin na jet mai shan kananzir, wanda maimakon ya ingiza jirgi da ƙarfin iskar da yake fesarwa ta baya, sai ya yi amfani da ƙarfin wajen juya farfela. Wannan iri na biyu shi ne abin nufi a nan, kuma duk inda aka ce "mai farfela" ba tare da ƙarin bayani ba, shi ake magana a kai. Na farko da ya fara jigilar fasinja a kai a kai shi ne Vickers Viscount na Ingila a 1953. Hercules na Amurka ya fara tashi a 1954, Fokker F27 na Holan a 1955, Antonov An-12 na Tarayyar Sobiyet a 1957, An-26 a 1969, ATR 42 na Faransa da Italiya kuma a 1984.

Fa'idar waɗannan jirage ita ce ba su shan mai kamar jet a gajeriyar tafiya, ba su buƙatar dogon titi, wasunsu ma kan sauka a kan marmara. Gudunsu bai kai na jet ba, amma a tafiyar awa ɗaya zuwa biyu wannan ba wani cikas ba ne. Idan jirgi ya yi shekaru ashirin ko fiye yana ɗaukar fasinja, akan cire kujerunsa, a ƙarfafa daɓensa, wani lokaci a faɗaɗa ƙofarsa, ya koma ɗaukar kaya. Hikimar ita ce sabon jirgi bashin banki ne a kansa, tilas ya yini yana tashi kafin ya biya kansa. Tsoho kuwa an saye shi da arha, don haka yana iya kwana biyu a ajiye ba tare da mai shi ya karye ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe. A bisa wannan lissafi ne kamfanin FedEx ya daɗe yana amfani da F27, daga baya ATR, wajen kai saƙonni ƙananan garuruwan Amurka, kamfanin Buffalo Airways na Yellowknife kuma ya riƙe Lockheed Electra, ƙirar ƙarshen shekarun 1950, wajen kai kaya arewacin Kanada.

Sai dai kuma araha ba ta ado. Ana lissafa rayuwar jirgi ne da awoyin tashi, da yawan sauka, da kuma kwanakin kalanda. Kowane inji yana da adadin awoyin da in ya cika tilas a sauke shi a yi masa garambawul, wasu sassa kuma jefar da su ake yi ko da ba su nuna alamar lalacewa ba. Kayan gyara da inshora da horar da matuƙa duk da kuɗin ƙasashen waje ake biya. Kuma yadda jirgi ke tsufa haka kayan gyaransa ke wuya. Alal misali, an daina ƙera F27 a 1987, kamfanin Fokker kansa ya durƙushe a 1996. Yanayin Barno ma yana da nasa haraji. A bazara zafi kan wuce digiri 40, iska ta yi sakayau, ƙarfin inji da na fiffike su ragu, dole a rage lodi. A hunturu kuwa hazo kan hana sauka, ƙura kuma tana cin cikin inji a hankali.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne kuɗin awa guda a sama kusan ɗaya ne, ko jirgi cike yake ko wayam. Fataken da suka riƙa kai kanwa da fatu daga Barno zuwa Kano, su komo da tufafi da goro, sun san wannan ƙa'ida tun kafin a ƙera jirgi: madugun da ya komo da jakuna ba kaya, ribar zuwansa ce ta ciyar da su a hanya.

3.0 Maiduguri a kan Hanyar Gabas, 1925–1945

An kafa Maiduguri ta yanzu a 1907, lokacin da Turawa suka girke sansaninsu a wurin, Shehu Abubakar Garbai kuma ya taso daga Kukawa ya zauna a Yerwa. Garin ya tarar da tsohuwar hanyar mahajjata ta ƙasa, wadda ke bi ta gabar kogin Shari, da Abeshe, da Janaina, da Fashir, da Ubayyid, har zuwa kogin Nilu. Abin lura shi ne, da jirgin sama ya zo, wannan hanya ya bi kusan zango-zango.

A ƙarshen Oktoban 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar sojan saman Birtaniya suka taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Suka ratso Sudan da Chadi, suka sauka a Maiduguri da Kano a farkon Nuwamba. Tafiyar ta gwaji ce, ba ta da alaƙa da ciniki, amma ta tabbatar wa mahukunta cewa ana iya haɗa Nijeriya da kwarin Nilu ta sama. A Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirgar mako-mako daga Hartum zuwa Kano ta Maiduguri da jirage ƙirar DH.86 masu injin fistin huɗu, a watan Oktoba na shekarar kuma aka miƙa ta zuwa Legas. Babban lodin waɗannan jirage wasiƙu ne, tare da 'yan fasinjoji ƙalilan, kuma tallafin gwamnatin Birtaniya ne ya riƙe kamfanin. Ke nan kayan farko da suka bi ta Maiduguri ta sama a kai a kai jakunkunan gidan waya ne, mai biya kuwa daula ce da ke son umarninta ya isa da wuri.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaga darajar wannan hanya ƙwarai. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, bi ta Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya. A watan Agusta na shekarar Gwamnan Chadi, Felix Eboue, ya ba da goyon baya ga Janar de Gaulle, wanda hakan ya buɗe sararin Chadi. Daga nan aka shiga kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi da ke Gana ta yanzu, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lami da Janaina da Fashir da Hartum zuwa Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a Satumbar 1940, kuma zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Daga 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya shigo da jirage ƙirar DC-3 yana jigilar kayan gyara da ma'aikata, Maiduguri na ɗaya daga cikin zangunansa, kafin sojan Amurka su karɓi aikin a 1942. A waɗannan shekaru ne aka inganta filin jirgin garin da na'urorin sadarwa da ma'ajiyar mai. Da yaƙi ya ƙare, aka sami jirage masu dogon zango waɗanda ke tsallake Sahara kai tsaye daga Turai zuwa Kano, sai cinkoson Maiduguri ya watse, filin ya saura.

4.0 Kamfanin Gwamnati da Zuwan Jirgin Ƙasa, 1946–1979

A 1946 aka kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma, wanda aka fi sani da WAAC, mallakar Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya tun suna ƙarƙashin mulkin mallaka. Ya fara aiki a 1947 da ƙananan jirage ƙirar Dove. A 1958 aka rushe shi, Nigeria Airways ya gaje shi a nan gida. A 1963 kamfanin ya shigo da Fokker F27, wanda ya zama ƙashin bayan zirga-zirgar cikin gida, har da garuruwan Arewa irin su Maiduguri. Wannan shi ne farkon zaman jirgi mai farfela na zamani a yankin. Amma aikinsa ɗaukar fasinja ne; kayan da yake ɗauka su ne wasiƙu da jaridu da magunguna da 'yan ƙananan ƙunshe-ƙunshe.

Shekara guda bayan haka, wato a 1964, layin dogo da aka ja daga Kuru ta Bauchi da Gombe ya iso Maiduguri. Kafin nan gyaɗa da fatu da shanun Barno sai an kai su Nguru, inda layin ya tsaya tun 1930, ko kuma Jos. Zuwan jirgin ƙasa, da kuma shimfiɗa kwalta zuwa Kano da Jos, ya ba manyan kaya hanya mai arha wadda jirgin sama ba zai iya gasa da ita ba. Lissafin a fili yake: F27 da aka mayar na kaya, ko An-26, tan 5 zuwa 6 yake ɗauka, alhali tirela guda kan ɗauki tan 30.

A nan kwatanci da Fort Lami, wadda aka mayar wa suna Njamena a 1973, yana da amfani. Garin ba shi da layin dogo, kuma ya fi Maiduguri nisa da teku. Tun kafin Chadi ta sami mulkin kai aka riƙa fitar da ɗanyen nama mai sanyi daga can ta jirgin sama zuwa biranen kurmi irin su Barazabil da Librabil, inda ƙudan tsando ke hana kiwon shanu, an kuma buɗe mahautar zamani ta Farsha a 1958 domin wannan ciniki. Abubuwa uku ne suka haɗu a can: kaya mai saurin lalacewa, da rashin wata hanya, da masu saye masu hali. Shanun Barno kuwa da ransu suke tafiya kudu, da fari a ƙafa, daga baya a taragu, sannan a tireloli, domin mahautan Legas da Ibadan da Anaca sun fi son su yanka da kansu.

Shekarun 1970 sun kawo arzikin man fetur. Maiduguri ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas tun 1967, ta sami jami'a a 1975, ta zama babban birnin Jihar Barno a 1976. A 1975 ɗin ne cinkoson jiragen siminti ya toshe tashar Legas, ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi watanni suna jiran layi. Wannan ya buɗe kasuwa ga kamfanonin shata na Ingila irin su Tradewinds da Transmeridian, waɗanda suka riƙa kwaso kaya zuwa Kano da Legas da jirage masu farfela ƙirar CL-44 da suka riga suka kwana biyu. Haka kuma kamfanin UTA na Faransa ya riƙa jigilar sassan motocin Peugeot daga Lyon zuwa Kano domin masana'antar Kaduna. A wannan karo 'yan kasuwa ne suka biya, domin jinkirin teku ya fi kuɗin jirgi tsada. Sai dai Kano ce ta ci moriyar, saboda a can masana'antu da manyan dillalai suke. Kayan da suka nufi Barno a Kano ake sauke su, mota ta ƙarasa da su a yini guda.

Wani amfani da jirage masu farfela suka yi a yankin shi ne na agaji. A farin 1973 zuwa 1974 jiragen Hercules na sojan ƙasashen Turai da Amurka sun kai hatsi sassan Mali da Nijar da Chadi da mota ba ta iya kaiwa cikin lokaci. Rundunar sojan saman Nijeriya ma ta sayi nata Hercules daga 1975. A nan ma baitulmali ne ya biya.

5.0 'Yan Kasuwa, Faɗuwar Naira da Tsauraran Dokoki, 1980–2007

Daga farkon shekarun 1980 'yan kasuwa suka shigo harkar. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano a 1980, Okada Air ya biyo baya daga Benin, Chanchangi kuma daga Kaduna a shekarun 1990. Dukkansu sun bi dabarar sayen tsofaffin jirage, amma jet suka fi saye, irin su BAC 1-11 da Boeing 727, domin kuɗi a wurin fasinja da alhazai yake. Wannan ya shafi dakon kaya ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba. Kowane jirgin fasinja yana da rumbu a cikinsa, kuma tun da fasinjoji sun riga sun biya kuɗin tafiyar, kamfani na iya karɓar ƙananan kaya a farashi mai sauƙi. Saboda haka ɗan abin da Maiduguri ke da shi na kayan gaggawa, kamar takardun banki da magani da kayan gyaran injuna, cikin jiragen fasinja ya shige, bai taru ya kai lodin jirgi na musamman ba.

Jirage masu farfela sun rayu a hannun kamfanoni irin su Aero Contractors, wanda aka kafa a 1959, da Dornier Aviation Nigeria na Kaduna. Abin da ya riƙe su shi ne kwangilar kamfanonin man fetur da sauran manyan ma'aikatu, waɗanda ke biyan kuɗin jirgi ko ya tashi ko bai tashi ba. Irin waɗannan kwangiloli a yankin Neja Delta suka fi yawa.

Sannan ga matsalar canjin kuɗi. A 1985 naira ta fi dala daraja a farashin gwamnati. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta shiga faɗuwa, har dala guda ta kai kimanin naira 22 a farashin gwamnati a tsakiyar shekarun 1990, a kasuwar bayan fage kuwa ta ninka haka sau da yawa. Mai jirgin da ke karɓar naira daga hannun ɗan kasuwar Maiduguri, ya kuma biya garambawul ɗin inji da dala, kullum cikin cike giɓi yake, kuma jarabar jinkirta gyara tana nan a gabansa.

A wasu ƙasashen Afirka an cike wannan gurbi da jiragen Antonov, waɗanda suka kwararo da arha tare da matuƙansu bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Sun yi aiki sosai a Kwango da Angola da Sudan, inda yaƙi ya kashe hanyoyi, amma da asarar rayuka mai yawa. A Janairun 1996 wani An-32 ya faɗa cikin kasuwa a Kinshasa ya hallaka mutane fiye da 200. Nijeriya ma ta ɗanɗana nata. A Satumbar 1992 Hercules na soja ya faɗi a Ejigbo kusa da Legas, mutane fiye da 150 suka rasu. Ran 4 ga Mayun 2002 jirgin EAS ƙirar BAC 1-11 ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da wannan samfuri, ta kuma ƙayyade shekara 22 a matsayin iyakar tsufan jirgin da za a shigo da shi. Nigeria Airways ya daina aiki a 2003. Bayan munanan haɗurran 2005 da 2006, ciki har da wanda ya ci ran Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, aka wajabta wa kamfanoni jarin naira miliyan 500 domin zirga-zirgar cikin gida, da biliyan 1 domin ta ƙasashen maƙwabta, kafin ƙarshen Afrilun 2007. Waɗannan matakai sun inganta tsaron rayuka, amma sun ƙuntata ƙofa ga ƙaramin ɗan kasuwa mai tsohon jirgi ɗaya ko biyu, wanda da shi irin wannan sana'a takan fara a ko'ina.

6.0 Shekarun Rikici, 2009–2025

Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a Yulin 2009 ya juya al'amura. An kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013. Ran 2 ga Disamba na shekarar aka kai hari sansanin sojan sama da ke jikin filin jirgin Maiduguri, aka rufe filin ga jiragen kasuwa har zuwa 2015. Jirgin ƙasa ya daina zuwa garin, hanyoyin Bama da Dikwa da Baga da Dambuwa sun yi ta rufewa, ta Damaturu ce ta saura a matsayin babbar mashiga, ita ma cikin ɗar-ɗar. A karon farko tun 1964, sharaɗin nan na rashin wata hanya ya kusa cika.

Amma abin da ya biyo baya ya sake maimaita tsohon salo. A Agustan 2015 sashen jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHAS, wanda Shirin Abinci na Duniya ke gudanarwa, ya fara haɗa Abuja da Yola da Maiduguri. A 2016 ya ƙara da jirage masu saukar ungulu zuwa garuruwa irin su Munguno da Ngala da Ran da Damasak da Banki da Gwoza. Waɗannan garuruwa ba su da titin da jirgi mai fiffike zai sauka, don haka mai farfela ba shi da wurin zuwa a cikin jihar. Ma'aikata da magunguna da alluran rigakafi ne suka bi ta sama. Buhunan hatsi kuwa a motoci suka tafi cikin rakiyar soja. Wannan ya sha bamban da abin da ya faru a kudancin Sudan daga 1989, inda aka riƙa tashi da Hercules daga Lokicokiyo ta Kenya ana kai abinci, domin a can babu hanyar mota ko kaɗan a lokacin damina.

A ɓangaren 'yan kasuwa kuwa lissafi ƙara tsanani ya yi. A 2022 kuɗin kananzir ɗin jirgi ya ninka fiye da sau uku cikin 'yan watanni, a 2024 kuma dala ta haura naira 1,500. A 2025 UNHAS ya dakatar da jirginsa mai fiffike a Nijeriya saboda ƙarancin kuɗi daga masu ba da tallafi. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

7.0 Irin Kayan da Barno ke Fitarwa

Abin da jirgin sama ke sayarwa shi ne lokaci. Wanda ya biya kuɗinsa yana sayen kwanakin da zai ɓata a hanya ne, kuma ba zai saya ba sai in kwanakin nan za su jawo masa asarar da ta fi kuɗin. Idan aka dubi kayan cinikin Barno da wannan ma'auni, za a ga kusan dukkansu masu haƙuri ne. Kifin tafkin Chadi, wanda shi ne ya fi kowane saurin lalacewa, tun a bakin ruwa ake ƙyafe shi ya zama banda, sannan a loda shi daga Doron Baga zuwa Maiduguri, daga nan zuwa Anaca da Enugu da Legas. Nama akan mayar da shi kilishi, ko kuwa dabbar ta tafi da ranta. Ƙaro da kanwa da wake da riɗi da busasshen barkono da fatu duk suna iya watanni a ajiye. Wato mutanen yankin sun daɗe da warware matsalar nisa ta hanyar shanya da ƙyafi da gishiri, tun zamanin ayarin raƙuma. Kayan da ke da tsada ga rashin nauyi, irin su turaren wuta da humra da hulunan zanna, ba su da yawan da zai cika jirgi. A jakunkunan matafiya da motocin haya suke tafiya.

Misalin ganyen nan da ake taunawa a gabashin Afirka, wanda ake kira kat ko mira, ya ƙara fito da batun fili. Ana tsinko shi a yankin Meru na Kenya, a garzaya da shi Nairobi a mota, a loda shi cikin tsofaffin jirage masu farfela irin su Fokker 50 zuwa Magadishu. Ƙarfinsa kan gushe cikin kwana biyu, masu saye kuma suna jiransa kowace rana, don haka farashinsa na iya biyan kuɗin zuwa da na komowa. Irin wannan haja, mai gaggawa da tsada da kasuwa ta yau da kullum, ita ce tsohon jirgi ke rayuwa a kanta. Gina filin jirgi shi kaɗai ba ya samar da ita. An ƙaddamar da filin jirgin kaya a Damaturu a 2023, kimanin kilomita 130 daga Maiduguri, kuma tambayar da ke gabansa ita ce wadda ke gaban na Maiduguri: me za a loda, wa zai saya, me kuma za a komo da shi?

8.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa cikin shekaru ɗari dakon kaya ta sama ya yi ƙarfi a Maiduguri a zamanin wasiƙun daular Birtaniya, da Yaƙin Duniya na Biyu, da ayyukan soja da na agaji, kuma kowane lokaci ya ja baya da zarar mai biya ya janye hannunsa. An ga cewa arhar tsohon jirgi mai farfela kashi ɗaya ne kawai na lissafin. Sauran su ne kaya masu gaggawa da tsada, da lodin komowa ko farashin da zai maye gurbinsa, da kuɗin shiga da zai iya jure biyan gyara da dala, da kuma ƙananan filaye a garuruwan da ake son kaiwa. Fort Lami ta haɗa yawancin waɗannan a shekarun 1950, Kano ta haɗa su na ɗan lokaci a 1975.

Saboda haka duk wani shiri na farfaɗo da wannan sana'a a Barno a ƙasa ya kamata ya fara: da wutar lantarki mai ɗorewa, da ɗakunan sanyi a bakin tafki da mahauta, da masu saye tsayayyu a Abuja ko Legas ko ƙetare, da yarjejeniyar kwastan tsakanin ƙasashen tafkin Chadi. Idan ɗanyen kifi ko nama mai sanyi ya taru tan 5 a kowace safiya, aka kuma sami magani ko kayan gyara da za a komo da su, samun tsohon jirgin da zai ɗauka ba zai yi wuya ba.